Mu Ƙera da Hannunmu: Ɗaki a Kan Taya Biyu

Wannan makon za mu fita daga aji, mu bi hanyar burji mu nufi bakin madatsar ruwa ta Zobe. Abin da za mu tsara ya fi ƙarfin benci, domin ɗaki ne sukutum wanda ake ja a kan taya biyu, a kwana a cikinsa, gari ya waye a ƙara gaba da shi. Ku tanadi biro da takarda, akwai lissafi a gaba, amma ba wanda zai gagari ɗan aji uku na ƙaramar sakandare.

Wa ke bukatar irin wannan ɗaki?

Madatsar Zobe tana cikin ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, an tare ruwan kogin Karaduwa ne aka yi ta, kuma an kammala gininta a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Tsawon bangonta ya haura kilomita biyu da rabi. A 2021 aka ƙaddamar da aikin tace ruwanta domin sha. To amma tun kafin wannan, manoman rani da masunta sun daɗe suna cin abinci a bakinta.

Duk wanda mahaifinsa ko yayansa ke noman tumatir ko albasa a can ya san yadda abin yake. Gona tana nesa da gida. Injin ban-ruwa da tiyo da buhunan taki ba a barin su babu mai gadi. Sai a kafa bukkar kara a kwana a ƙasa, ga sanyin hunturu, ga sauro, ga kunama. Da ruwa ya ja baya, a bi shi, a sake kafa wata bukkar. Ɗakin da ke tafiya da ƙafarsa zai rage wannan wahala, ya kuma ɗauko kwandunan tumatir zuwa bakin titi.

Sai dai hanyoyin da ke shiga gonaki a yankin Dutsin-Ma da Kurfi ba kwalta ba ne. Akwai yashi mai kama taya, akwai kwazazzabai, akwai duwatsu, da damina kuma ga taɓo. Abin da za a ƙera dole ya dace da wannan ƙasa.

Abin da Turawa ke yi, da abin da muke da shi

A Ingila, a 1885, wani likita marubuci mai suna William Gordon Stables ya sa aka ƙera masa ɗaki a kan tayoyi, dawakai na ja, ya zaga ƙasar da shi don shaƙatawa. A Amurka kuma, daga shekarun 1930, mujallun ƙere-ƙere suka riƙa buga zanen wata 'yar ƙaramar tirela mai siffar ɗigon hawaye, wadda mutum zai haɗa a bayan gidansa, ya ɗaura wa motarsa. Girmanta bai wuce na katakon filawud guda ba, wato ƙafa 8 da ƙafa 4. Bayan yaƙin duniya na biyu, da yawa an yi su ne da ragowar kayan soja. Yau a Ostareliya, inda ake tafiyar ɗaruruwan kilomita a daji babu kwalta, irin wannan tirela mai jure hanya sana'a ce babba, kuma har yanzu akwai masu haɗa tasu da hannu.

Kada wannan ya ba ku mamaki har ku ce sai Bature. Ku tuɓe wa tirelar nan fenti da labule, me ya rage? Firam na ƙarfe, taya biyu, da doguwar sandar ja. Amalanke ke nan. Ita ce masu walda na Dutsin-Ma da Kurfi ke haɗawa kullum da tsofaffin kayan mota, bijimai ko jaki na ja, tana kai taki gona, tana kawo dawa gida. Ko sunan ma ba daga Turai ya zo ba, daga bakin Yarabawa muka aro shi. Tafiya da gida kuwa, Fulani makiyaya sun riga kowa, su da ke ɗora kayan bukka a bayan takarkari.

Ashe gwanintar tana nan a gida. Abin da ɗalibi zai ƙara a kai shi ne awo da lissafi. Ga maganar da nake so ku riƙe daga yau: kyan ɗakin ba shi ne aikin ba. Inda nauyi ya zauna, shi ke raba amalanken da za ta kai ka gida da wadda za ta kifar da kai. Saboda haka daga ƙasa ake farawa, ɗaki shi ne na ƙarshe.

Mataki na 1: Me zai ja ta?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, a san abin da zai ja. Mu ɗauka amalankenmu da ɗakinta da kayanta duka sun kai kilo 600. A kan kwalta mai santsi, ƙarfin da ake bukata don ta ci gaba da gungurawa bai fi kamar ɗaga kilo 10 ba, shi ya sa yaro ɗaya ke tura kurar ruwa cike da jarkoki. A hanyar burji zai kai kamar kilo 30. A cikin yashi mai zurfi kuwa yana iya haura kilo 120. Nauyi bai canza ba, ƙasa ce ta canza.

Masana aikin dabbobi sun ƙiyasta cewa sa yana iya yini yana jan abin da ya kai kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinsa. Bijimai biyu masu kilo 300 kowanne za su yini suna ba da ƙarfin kilo 60. A burji sun wadatar. A yashi za su iya fizgewa na ɗan lokaci, amma in yashin ya yi tsawo, sai an rage kaya ko an bar su sun huta. Bulala ba ta ƙara wa sa ƙarfi.

Babur fa? A'a. Baburan da muke hawa ba su kai kilo 150 ba. Zai yiwu babur ya ja kilo 600 a fili, amma ranar da aka zo gangara aka taka birki, amalanken ce za ta tura babur, ba shi zai tsayar da ita ba. Ja ba wuya, tsayawa ce wuya. Wannan girman na bijimai ne, ko a-kori-kura, ko tarakta.

Mataki na 2: Taya da abin da ke riƙe ta

Me ya sa keken boris ke tsayawa cak in ya ci karo da ɗan dutse, amma keken hawa ya haye? Girman taya. Ku ɗauki dutse mai tsayin santimita 10. Tayar da faɗinta daga gefe zuwa gefe ya kai santimita 40 tana bukatar ƙarfin da ya fi na taya mai santimita 60 da fiye da rabi kafin ta hau shi. Don haka tayar a-kori-kura ta fi ta ƙaramar mota dacewa da hanyar gona. In mota ce za ta ja, a yi ƙoƙari tayar ta zama iri ɗaya da ta motar, sai safaya ɗaya ta ishi duka biyun.

Ƙarfen da ke haɗa tayoyin biyu, wanda makanikai ke kira aksul, shi ne ƙashin bayan aikin. Da yawa ana amfani da tsohon na bayan a-kori-kura. Yana da ƙarfi, amma yana da wani tulu a tsakiya wanda ke sauka ƙasa ya riƙa karo da dutse da kututture, ga shi da nauyin banza. Miƙaƙƙen bututu mai kauri da aka haɗa wa kan taya a kowane gefe ya fi barin sarari a ƙasa. Irin waɗannan kaya ana samun su wurin masu kayan gwangwan, manyan kasuwanninsu kuwa su ne Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Kafin a saya, a juya kan tayar da hannu. In ana jin ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, boris ya mutu. In ya yi shiru, a wanke shi a cika da giris.

Amalanken shanu da yawa ba su da sifirin, saboda tafiyar shanu a hankali take. Amma in akwai batir da fitila da mutum zai kula da su, ko kuwa mota ce za ta ja, to a sa sifirin mai falle-falle irin na bayan a-kori-kura. Aikinsa shi ne ya shanye bugun rami. In babu shi, walda ce ke shan bugun, kuma wata rana za ta tsage.

Dabara ɗaya ta shiga yashi: a rage iskar taya. In aka rage iska da rabi, faɗin tayar da ke taɓa ƙasa yana kusan ninkawa, sai ta hau kan yashi maimakon ta nutse. Sirrin tafin raƙumi ke nan. Da an fito kan tauri, a mayar da iskar, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta lalace.

Mataki na 3: Ina za a sa aksul?

Nan ne zuciyar darasin. Kun san ɗan ga-ruwa mai sanda a kafaɗa da garwa biyu. In garwa ɗaya ta fi nisa daga kafaɗarsa, sandar sai ta rinjaya can, ko da ruwan daidai yake. Abin da ke rinjaya shi ne nauyi sau nisa. Malaman Fiziks sun koya muku wannan. Amalanke mai taya biyu ita ma sanda ce, aksul shi ne kafaɗar.

Ga awonmu. Dandamalin yana da tsawon mita 2.4 da faɗin mita 1.2, wato filawud guda. Tsakiyarsa tana mita 1.2 daga gaba. Ba a tsakiya za mu sa aksul ba, za mu ja shi baya zuwa mita 1.5 daga gaba. Sandar ja kuma ta fito mita 1.5 a gaban dandamali. Daga aksul zuwa bakin sandar ya zama mita 3.

Mu ce amalanke da ɗaki da kaya kilo 500 ne, kuma an baza su daidai, cibiyar nauyin tana tsakiyar dandamali, wato mita 0.3 a gaban aksul. Nawa ne zai danna bakin sanda?

500 × 0.3 ÷ 3 = kilo 50.

Kashi 10 cikin 100 ke nan. Masu ƙera tirelar mota da yawa suna ba da shawarar cewa abin da ya kamata ya danna bakin sanda ya kasance tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na dukan nauyin. Mun shiga ciki.

Yanzu mu ƙara jarka huɗu na ruwa, kowace lita 25. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jimla kilo 100, nauyi duka ya koma 600.

In aka jera su can baya, mita 0.75 a bayan aksul: 100 × 0.75 ÷ 3 = 25. Wannan ragewa zai yi. Bakin sanda ya koma kilo 25, kusan kashi 4 kacal.

In aka kai su can gaba, mita 1.2 a gaban aksul: 100 × 1.2 ÷ 3 = 40. Ya ƙaru zuwa kilo 90, kashi 15, bakin iyaka.

In aka ajiye su mita 0.3 a gaban aksul: 100 × 0.3 ÷ 3 = 10. Ya zama kilo 60, kashi 10 daidai.

Kun gani? Jarkokin ba su canza ba, wurin zamansu kawai aka canza. To me zai faru in aka yi kuskure? In nauyi ya yi yawa a gaba, karkiya za ta danne wuyan bijimai, ta goge fata har ta yi gyambo, sa mai gyambo a wuya kuwa ba ya huɗa da damina. In nauyi ya koma baya, sandar sai ta ɗaga sama. Wataƙila kun taɓa ganin hoton jakin da amalanke ta ɗaga, ƙafafunsa na lilo a iska. Mutane na dariya, amma dabbar azaba take sha. A bayan mota abin ya fi muni: tirelar da bayanta ya fi nauyi, da gudu ya ƙaru sai ta fara kaɗa wutsiya dama da hagu, kowace kaɗawa ta fi ta baya, har ta juya motar. An yi asarar rayuka a hanyoyin duniya ta wannan hanya.

Gwajinsa ba wuya. A ɗora bakin sanda a kan sikelin awon hatsi, a tsayin da za a ɗaura ta, a karanta.

Mataki na 4: Kada ta yi tsayi

Akwai rinjaye na biyu, na gefe. In taya ɗaya ta hau dutse ɗaya ta faɗa rami, amalanke sai ta karkata. Yaushe za ta kife? Lokacin da cibiyar nauyi ta wuce saman tayar da ke ƙasa.

Mu ce tsakanin tayoyin mita 1.4 ne, rabi 0.7. In cibiyar nauyi tana mita 0.7 daga ƙasa, sai an karkata digiri 45 kafin ta kife. In tana mita 1, digiri 35. In aka loda kaya a rufi har ta kai mita 1.4, digiri 27 ya isa. 'Yan babbar sakandare za su gane inda lambobin suka fito: rabin faɗi a raba da tsayi, a nemi kusurwar a tebur. Wannan kuwa a tsaye ne. In ana tafiya ana girgiza, za ta kife tun kafin a kai nan. Shi ya sa motar da aka yi wa lodin buhuna har sama take faɗuwa a kwanar da ƙaramar mota ke wucewa lafiya.

Darasin: batir, ruwa, injin ban-ruwa, duk su zauna a ƙasa kusa da aksul. Ɗakin kuma na kwanciya da zama ne, ba na tsayuwa ba. Tsayin mita 1.1 zuwa 1.2 a ciki ya isa. Rufi kada ya ɗauki komai sai farantin sola.

Mataki na 5: Firam da maɗauri

Firam shi ne gadon ƙarfen da komai ke zaune a kai. Bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu ya fi angul jure murɗawa. A yi murabba'i mai tsawo, a gitta ƙarafa a ciki kamar tsani. Kafin a kama da walda, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, sannan a auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu ya zo ɗaya, firam ya miƙe. In bai zo ɗaya ba, amalanken za ta riƙa tafiya a karkace kamar kaguwa, tana cin taya.

Wuri mafi haɗari shi ne inda sandar ja ta haɗu da dandamali. Kada a manna ta a ƙarfen gaba kawai. Ta shige ƙarƙashi har ta kai ƙarfe na biyu ko na uku, a kuma tokare ta da ƙarafa biyu daga kusurwoyin gaba. Me ya sa? Murabba'i yana iya lanƙwashewa, alwatika ba ta yi. Ku duba turakun wutar lantarki na ƙarfe da kan rufin ajinku, alwatika za ku gani.

In mota za ta ja, da me za a ɗaura? Ga abin dariya: amsar tana cikin sunan wurin da muke magana. Zobe! Tirelolin soja da na gona suna amfani da zobe mai kauri a bakin sanda da ƙugiya mai kulle a bayan mota, saboda zobe yana ba da damar juyawa sama da ƙasa da gefe a hanya marar kyau. A ƙara da sarƙa biyu, a gitta su a ƙarƙashin sandar, don in ƙugiya ta saki, sarƙa ta tallafe. Igiya ba maɗauri ba ce. A kuma tanadi katako biyu na tare taya da ƙafar da za ta riƙe gaba da baya in an kwance dabba, kada mai barci ya juya ɗakin ya tuntsura da shi.

Mataki na 6: Sai ɗaki

Sai yanzu muka iso inda da yawanku suka so mu fara. Ƙa'idarsa ɗaya: sauƙin nauyi. Ƙashin ɗaki na siririn bututu, bango na filawud mai fenti ko tamfol. Kwano shi kaɗai tanda ne a watan Afrilu. In za a sa shi, a shafa masa farin fenti, a yi silin a ƙasa, a bar sarari tsakani iska ta wuce. Zana ko asabari a kan rufi in an tsaya suna rage zafi ƙwarai. Tagogi biyu masu fuskantar juna, kowace da raga, domin bakin ruwa gidan sauro ne. Ƙofa ta buɗu daga ciki cikin sauƙi.

Wuta fa? Mu ƙirga. Ƙwan fitila biyu masu wat 5, awa 5: 50. Cajin waya biyu: kusan 30. Ƙaramar fanka mai wat 15, awa 8: 120. Jimla 200 a dare. Batir mai bolt 12 da amfiya 40 yana riƙe 480, amma irin na ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa, wato 240. Ya isa. Farantin sola mai wat 100 zai mayar da abin da aka sha a yini guda na ranar Katsina, har da rara. A sa kwantirola tsakanin faranti da batir, a sa fis kusa da batir, batir ɗin kuma ya zauna a akwati mai huji a wajen ɗaki.

Yanzu ku ajiye biro ku saurara da kyau. Kada a taɓa shiga da kaskon gawayi cikin ɗakin nan don jin ɗumi, kada a kunna janareta a ciki ko a bakin taga. Suna fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau ɗari biyu da wani abu. Mai barci ba ya jin komai, sai dai a wayi gari a tarar da shi. Iyalai sukutum sun tafi ta haka a ƙasar nan. Ƙaramin ɗaki irin wannan cikin ɗan lokaci yake cika. Maganin sanyi bargo ne.

Abubuwa uku da ba a wasa da su

Na farko, walda aikin wanda ya koya ne. Haskenta yana ƙona ido, sai cikin dare mutum ya ji kamar an zuba masa yashi. Tabarau na kwalliya ba ya karewa. Kuma ba a yanka durom ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko da ya bushe, domin tururin da ya rage yana fashewa. Ku kai zanenku wurin mai walda, ku gaishe shi da ladabi, ku nuna masa lissafinku, ku kuma saurari nasa. Abin da ya gani a shekara ashirin babu shi a littafinku, abin da ke littafinku kuma wataƙila ba a taɓa nuna masa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, ba a ɗaukar mutum a cikin tirela in mota na ja. Kafin a hau babban titi da ita kuma, a sa fitilun baya da abin da ke ƙyalli da dare, a tuntuɓi jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra kan ƙa'ida. Amalanken shanu ma tana bukatar abin ƙyalli a baya, don direban da ke tahowa da magariba ba ya ganinta sai ya iso.

Na uku, kun fi ni sanin halin da yankinmu ya shiga a shekarun nan ta fuskar tsaro. Baturen da ke jan tirelarsa daji neman shaƙatawa yake. Mu nan ba a kwana a daji don sha'awa. Wannan ɗaki kayan aikin manya ne, a wurin da manya da masu unguwa suka tabbatar da lafiyarsa. Babu ɗalibin da zai ce ya karanta a jarida don haka zai tafi bakin ruwa ya kwana. Ko a cikin gari ɗakin yana da amfani: shagon cajin waya ranar kasuwa, rumfar mai shayi, ko ɗakin karatu mai yawo tsakanin makarantu.

Aikin wannan mako

Ba sai kuna da kuɗin ƙarfe ba. Injiniyoyi ma da ƙaramin samfuri suke farawa. Ku rage komai sau goma: dandamalin kwali mai santimita 24 da 12, sandar ja ta kara mai fitowa santimita 15, tayoyi na murfin roba ko tsohon silifa, aksul na tsinken keke. Akwatin ashana cike da yashi shi ne kaya.

Ku yi gwaji uku. Ku sa aksul a tsakiya, sannan ku mayar da shi santimita 15 daga gaba, ku ji bambanci a yatsan da ke riƙe da sanda. Ku matsar da kaya gaba da baya, ku nemo daidai inda sandar ke fara ɗagawa. Sannan ku ɗora samfurin a kan littafi, ku riƙa karkata littafin gefe a hankali, ku auna kusurwar da ya kife, da kaya a ƙasa da kuma kaya a rufi. Ku rubuta sakamakon a tebur ku nuna wa malamin fasaha ko na Fiziks.

'Yan mata, da ku nake. Awo da zane ba su san namiji ko mace ba, kuma wadda ta iya wannan lissafin ta kama hanyar zama injiniya. Wanda duk abin ya shiga ransa, akwai kwalejojin fasaha a jihar, akwai Ƙauyen Koyon Sana'a na matasa a Katsina, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, ga kuma Jami'ar Tarayya a nan Dutsin-Ma tun 2011.

Tambayar mako: a amalankenmu mai kilo 500, an ɗora injin ban-ruwa mai kilo 30 a kan sandar ja, mita 2 a gaban aksul. Kilo nawa ne yanzu ke danna bakin sanda, kuma kashi nawa ne cikin 100 na dukan nauyin? Ku aiko da amsa tare da yadda kuka yi lissafin, da sunan makarantarku da ajinku.

In kuka ga amalanke ta wuce a hanyar makaranta gobe, ku tsaya ku duba inda aka sa mata aksul da inda aka ɗora kaya. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.